Abin da aka gano a garuruwanmu: tarihin binciken lafiya a ƙasar Damagaram



Duk wanda ya fito daga Tasawa ya iso Takieta ya san a nan hanya take rabuwa. Ɗaya ta miƙe gabas zuwa birnin Damagaram, kimanin kilomita 50. Ɗaya ta yi kudu, ta bi Kance da Matamaye har Ɗan Barto, ta faɗa Daura da Kano. Shekara da shekaru fararen motocin ma'aikatan lafiya suna bin hanyoyin nan, ɗauke da akwatunan sanyi da manyan rajistoci. Sukan sauka ƙofar mai gari, su ƙirga yara, su duba ido, su auna mata masu juna biyu, su ɗebi jini a ɗan yatsa, su tafi. Da yawanmu ba mu taɓa jin abin da ya fito daga rubuce-rubucen nan ba, don da Turanci da Faransanci ake buga shi a mujallun likitoci na Ingila da Amurka. To, shi muke son kawowa yau da Hausa. Wasu hanyoyin magani da Afirka ke dogaro da su yanzu, a jikin ƴaƴanmu da matanmu aka tabbatar da su, kuma wanda aka yi aiki da jininsa yana da haƙƙin jin sakamako.

Sanƙarau: allurar jabu, gwajin Kano, da binciken 2003

Mu fara da sanƙarau, cutar da kowane gida a nan ya sani. Takan taso da hunturu, ta yi ƙarfi a bazara, ta lafa da saukar ruwan farko. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Léon Lapeyssonnie ya zana yankin da ta fi addaba, ya nuna ya shimfiɗu kamar ɗamara a tsakiyar Afirka ta Sahel. Yau ana lissafin ɗamarar daga Senegal har Habasha, mu kuwa muna tsakiyarta.

A 1995 annobar ta kama mutum fiye da 41,000 a Nijar. Ana cikin haka sai ga gudummawar allurar rigakafi guda 88,000 daga Najeriya, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura maganin ba ya narkewa yadda ya kamata. Da aka kai shi ɗakin gwaji sai aka tarar jabu ne, ba komai na rigakafi a cikinsa. Kafin a tattara ragowar, an ƙiyasta mutum wajen 60,000 sun riga sun karɓa, sun koma gida suna ganin sun tsira.

Shekarar da ta biyo, 1996, annobar ta fi tsanani a arewacin Najeriya: fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. A lokacin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara wajen 200 aka ɗauka. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani, seftiriyazon, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki sun yarda, kuma cutar ce ta yi kisan. Jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, aka shiga shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har tsakiyar 2004, kuma labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka iyakoki zuwa ƙasashe da dama. Kun ga ke nan, amanar da aka ci a asibiti ɗaya, yaran da ba su ji ba ba su gani ba ne suka biya bashinta.

Amma a wannan shekarar ta 2003 an yi wani bincike a nan jaharmu wanda ya kamata mu san da shi. A zamanin, maganin da ake dogaro da shi a lokacin annoba wata allura ce mai kauri kamar mai, kuloramfenikol, wadda ake yi sau ɗaya ko biyu. Tana aiki, sai dai kamfanin da ya fara yinta ya daina tun 1995, ana fargabar wata rana a neme ta a rasa. Ga shi kuma ba a yi wa mace mai ciki ko mai shayarwa. Sai cibiyar bincike ta Epicentre, wadda MSF ta kafa, tare da likitocin Nijar suka ce bari a gwada seftiriyazon allura ɗaya, da cikakken adadi. A watannin Maris da Afrilu, a wuraren jinya tara, aka raba marasa lafiya kusan 500 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba wanda aka bari ba magani. Bayan kwana uku, waɗanda maganin bai yi wa aiki ba kashi 9 cikin 100 ne a kowane ɓangare. Wato magungunan biyu daidai suke. An buga sakamakon a mujallar Lancet a 2005, kuma yau seftiriyazon ne maganin farko na sanƙarau a lokacin annoba, har ga masu juna biyu.

Ku duba fa: magani ɗaya ne ya fito a labarin Kano da na Damagaram. A can kamfani ne ke neman hujjar sayar da sabuwar hajarsa. A nan tambayar daga buƙatarmu ta taso, amsar kuma ta dawo asibitocinmu. Wannan shi ne ma'aunin da za mu riƙa auna kowane bincike da shi.

Daga 2010 aka shigo da rigakafin MenAfriVac, wanda aka yi a Indiya musamman don Afirka, ya kusan shafe nau'in A na cutar. Sauran nau'o'in suna nan. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jahar Damagaram, 18 suka rasu, Dungas ta fi kowa shan wahala. Don haka yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ƙagewar wuya, kada a kwana da shi a gida.

Amadari: daga Matamaye zuwa duniya

Cuta ta biyu ita ce amadari, wasu su ce amodari, ciwon idon nan da ke farawa da kwantsa a idon yaro, ya yi ta maimaituwa har fatar ido ta tattare, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido. Tsofaffin matan da muka taso muka gani suna tsige gashin ido da matsefata, yawancinsu ita ce. Binciken ƙasa da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna fiye da rabin ƙananan yara a jahar Damagaram suna ɗauke da ita. Shi ya sa a farkon shekarun 2000 aka fara rabon maganin azitromisin ga jama'a daga nan yankinmu. Abin mamaki, kamfanin da ke ba da wannan magani kyauta da sunan Zithromax, shi ne dai Pfizer ɗin Kano.

Daga 2010 zuwa 2013 an yi wani babban bincike mai suna PRET a ƙauyuka 48 na gundumar Matamaye, maƙwabtanmu na kudu. Farfesa Abdou Amza, likitan ido mai jagorantar shirin lafiyar ido na ƙasa a lokacin, shi da masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gudanar da shi. Tambayar ita ce: dole sai an ba kowa da kowa magani sau ɗaya a shekara, ko in an ba yara kaɗai, ƴan shekara 12 zuwa ƙasa, sau biyu a shekara ya wadatar? Amsa ta fito cewa ba yara kaɗai sau biyu bai gaza ba kowa sau ɗaya ba. Dalili kuwa a jikin yara ƙwayar cutar ta fi zama, in an rage ta a wurinsu, manya ma sun samu sauƙi.

Akwai wani abu kuma da masu binciken ke sa wa ido. A 2009 an ga a Habasha cewa ƙauyukan da aka raba maganin idon nan, mutuwar yara ta ragu a cikinsu. Don a tabbatar, sai aka shirya bincike mai suna MORDOR daga 2014 zuwa 2017 a Nijar, Malawi da Tanzaniya, da yara wajen 190,000 ƴan ƙasa da shekara biyar. A Nijar an yi shi a Boboye da Loga, jahar Doso. Wasu ƙauyuka suka samu maganin gaske, wasu suka samu mai kama da shi wanda ba komai a ciki, ba mai bayarwa ba mai karɓa da ya san wanne ne wanne. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku, a Nijar kuwa da kashi 18.

Kada wani ya ji wannan ya ruga wurin mai tallar magani a tire. Binciken nan ya kuma nuna cewa inda ake yawan shan maganin, ƙwayoyin cuta na fara jurewa, har ya zo ya daina kama su. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta ga jarirai ƴan wata 1 zuwa 11, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, kuma a ƙarƙashin sa ido. Magani ne na tsari, da awo da lokaci.

Tsafta a lakwal: wa'azi ba ruwa

Magani kaɗai ba ya raba gari da amadari, don ƙuda da hannu da gefen zane su ke ɗaukar ta daga ido zuwa ido. Ƙudan da ke bin idon yara kuwa a bayan gidan mutum da aka bari a fili yake hayayyafa. Saboda haka tsarin yaƙi da cutar ya haɗa abu huɗu: aikin fatar ido ga wanda gashinsa ya juya, magani, wanke fuska, da tsaftar muhalli. Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta taimaka wajen gina salanga a ƙauyukan Damagaram tun farkon shekarun 2000, da koya wa mata haɗa sabulu, da faɗakarwa a gidajen rediyo. An kuma shigar da darasin wanke fuska a makarantu.

Shin wa'azin tsafta yana aiki? An gwada a wasu ƙauyukan jahar Maraɗi: aka samar musu da ruwa, aka yi musu faɗakarwa, aka kwatanta su da ƙauyukan da ba a yi wa ba. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna ba wani bambanci a fili wajen yawan cutar. Wannan bai nuna tsafta banza ce ba. Abin da masu binciken da kansu suka tambaya shi ne ko abin da aka yi ya isa. Ai mu ma mun sani: macen da ta yi tafiya mai nisa ta ɗebo jarka ɗaya, sha da girki za ta fara yi wa tanadi kafin fuskar yaro. Haka mushe zai iya koya wa ɗalibai wanke hannu da sabulu har su haddace, amma in lakwal ɗin ba famfo, ba randa, ba salanga, darasin a allo zai tsaya. Ƴan mata da suka fara girma su suka fi cutuwa, don wadda ba ta da wurin kewayawa a ɓoye takan gwammace ta zauna gida.

Inda aka haɗa faɗakarwa da kayan aiki kuwa mun ga nasara da idonmu. Kurkunu ya taɓa kwantar da manoma a tsakiyar damina a ƙasar Mirya da kewaye. Ba shi da ƙwaya, ba shi da allura. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai kurkunu shiga tabki aka kore shi, har a 2013 aka tabbatar wa Nijar ta rabu da shi. Yaran yau da yawa sunansa kawai suke ji. Ita ma tsargiya, fitsarin jinin da yara ke kwasowa a tabki, tun 2004 ake raba maganinta ta hannun makarantu, amma muddin tabkin nan ne wurin wanka da wurin fitsari, za a sha magani a koma a sake ɗauka.

Masu juna biyu

Duniya ta koyi tsoron ba mai ciki magani ne da tsada. Tsakanin 1957 da 1961 an sayar da wata ƙwaya mai suna talidomid a Turai da wasu ƙasashe, mata na sha don laulayin ciki. Aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, da yawa ba cikakkun hannuwa ko ƙafafu. Bayan wannan ne aka tsaurara dokokin gwajin magani, kuma a 1964 likitocin duniya suka amince da ƙa'idar Helsinki, wadda ta ɗora bincike a kan yardar wanda za a yi a jikinsa.

A Nijar, tun 2006 aka ce awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. To matan suna zuwa? A 2014 da 2015 jami'ar Kalifoniya ta Davis da ƙungiyar Helen Keller sun bi mata masu ciki a ƙauyukan jahar Damagaram, a wani aiki mai suna NiMaNu. Suka tarar fiye da kashi 40 cikin 100 na fama da ƙarancin jini, da yawa kuma jikinsu ya gaza a sinadarai fiye da ɗaya. Suka tarar mafi yawa ba sa zuwa awo a watanni ukun farko. Mun san dalili: kunya, musamman ga mai cikin fari, da tsoron baki, da nisan asibiti. Sai dai ƙwayar ƙarin jini tun da wuri take so, Fansidar ɗin kariya daga zazzaɓin cizon sauro kuma daga wata na huɗu ake farawa, a sha aƙalla sau uku, wata guda tsakani. Wadda ta zo a wata na bakwai ta riga ta yi asarar rabin amfanin.

Ga kuma abin da ya shafe mu, mu magidanta. Binciken ya nuna matan da mazajensu suka ba su shawarar zuwa awo sun fi zuwa, kuma sun fi shan ƙwayar ƙarin jini yadda aka ce. Wannan ya yi daidai da dabarar makarantar magidanta da aka fara a nan jahar Damagaram tsakanin 2007 da 2008 da tallafin UNFPA, inda maza ke zama su tattauna awo da haihuwa a asibiti. Daga nan ta bazu a Nijar, wasu ƙasashen Afirka ta Yamma suka kwaikwaya.

Akwai kuma zubar jini bayan haihuwa, wanda ya ɗauke mana iyaye mata ba adadi. Daga wajen 2015 aka bi wani tsari a ɗakunan haihuwa na ƙasar nan: a shimfiɗa zane don a gane yawan jinin da ya zuba, in ya wuce ƙima a ba da ƙwayar mizoprostol, in bai tsaya ba a sa balan-balan a mahaifa a tsayar da shi, a ɗaura wa mace rigar matse jiki a garzaya da ita babban asibiti. Rahoton da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin zubar jini ta ragu da fiye da rabi. Amma wannan ƙwayar da ke ceton rai bayan haihuwa, in aka sha ta ciki na nan, ɓarar da shi take yi. Shi ya sa mai ciki ba ta da abin yi da maganin kasuwa, ko wanda maƙwabciya ta rage.

Abin da za mu tambaya

Tarihin nan bai koya mana mu rufe ƙofa ba, don da an rufe a 2003 da a 2010 da ba a san abin da aka sani yau ba. Bai kuma koya mana mu miƙa hannun yaro ga duk wanda ya sauko daga farar mota ba. Matambayi ba ya ɓata. In wata tawaga ta sauka a Takieta, ko Tirmini, ko Dakusa, mai gari da liman da shugabar mata da daraktan lakwal su zaunar da su su tambaya: wa ya aiko ku, kuma ina takardar izinin ma'aikatar lafiya da ta kwamitin ƙasa mai duba ƙa'idar bincike? Rabon magani ne da aka riga aka tabbatar, ko gwaji ne? In gwaji ne, mene ne sunan maganin, wace illa aka san yana da ita, wa zai yi jinya in wani abu ya faru? Wanda ya ƙi shiga, za a ci gaba da duba shi a asibiti kamar kowa? Sannan yaushe za ku dawo ku gaya mana abin da kuka gano, da Hausa, a dandalin nan da kuka tara mu?

Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yana da amsarsu a jakarsa. Wanda ya fara kame-kame, a sanar da babban likitan gunduma kafin a taɓa yaro ko ɗaya.

Sauran kuma aikinmu ne, tunda amsoshin sun riga sun fito. Mace ta je awo tun cikin na ƙarami, miji ya raka ta ko ya biya mata kuɗin kabu-kabu. Kwamitin iyayen yara ya sa maganar ruwa da salanga a gaban maganar fenti, ya kai ta kwamin a rubuce. Waɗanda ke da karatu a cikinmu su karanta wa waɗanda ba su da shi wannan bayani, musamman iyayenmu mata, don su aka fi ɗibar wa jini, su aka fi barin ba labari.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu juna biyu lafiya.